Ƙaramin babur mai silinda ɗaya: me ya sa ya dace da ƙasar Dakoro?



Ƙasar Dakoro ƙasa ce mai faɗi. Ƙidayar shekarar 2012 ta samu mutane fiye da dubu 600 a cikinta. Mafi yawansu suna zaune a ƙauyuka da rugage. Hanyar kwalta da muke taƙama da ita ita ce wadda ta taso daga Tibiri ta zo Dakoro. In ka sauka daga kanta, sai rairayi da tuddai. Mutumin Azagor, da na Tagris, da na Bader Gula, da wanda ke zaune a kwarin Tarka, duk sun san wannan.

Mutum mai lafiya yana tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya. Amalanken jaki bai fi haka ba. To, ƙauyen da ke da nisan kilomita 20 daga likita, tafiyar awa huɗu ce. Babur yana cin wannan nisa a ƙasa da awa ɗaya, ko da cikin rairayi ne. Tsakanin awa huɗu da awa ɗaya akwai ran mutum, akwai kuma kuɗin buhun wake.

Shi ya sa in kaka ta yi, aka sayar da wake ko ɗan maraƙi, zancen sayen babur yake yawa a dandali. Wani ya ce babba ya fi. Wani ya ce mai gudu ya fi. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne: ƙaramin babur mara nauyi, mai silinda ɗaya, mai sirdi ƙasa-ƙasa, shi ya fi dacewa da talakan ƙasarmu. Ga dalilanmu.

Wane babur muke nufi?

Babur, ko moto kamar yadda muka saba faɗa, iri-iri ne. Akwai dogo mai tsayin ƙafa, irin Yamaha DT da ma'aikatan ayyukan raya karkara suka daɗe suna hawa. Akwai ƙarami na cikin gari. Akwai kuma wanda muke magana a kansa. Sirdinsa mai faɗi ne kuma yana ƙasa. Inda ake riƙewa ya ɗan tashi sama, ya karkato wajen mahayi. Mutum yana zama a kansa a miƙe, kamar a kan kujera, ba ya duƙawa.

Wannan siffa daga Amurka ta fito. A can manyan babura ne suke da ita, irin Harley-Davidson, waɗanda wasunsu sun kai kilo 300. A shekarar 1982 kamfanin Suzuki na Japan ya fito da ƙarami mai wannan siffa, sunansa GN125. Daga baya masana'antun ƙasar Sin, irin Haojue, suka yi ta ƙera irinsa da yawa. Shi ya sa kuɗinsa ya sauko har talaka ya iya taɓawa. A kasuwannin Maradi za ku tarar da sunaye da dama, irin Haojue, da Kasea, da Royal, da Boxer na ƙasar Indiya. Ba duka suke da siffa ɗaya ba, amma dukansu ƙanana ne masu silinda ɗaya. Ba mu zo tallar sunan kowa ba. Abin da za ku duba shi ne ƙira.

Za ku ga an rubuta 100, ko 125, ko 150 a jikin babur. Wannan ba gudunsa ba ne, kamar yadda wasu suke zato. Girman cikin silinda ne. Lamba 125 tana nufin lita ɗaya a raba ta takwas, a ɗauki kashi ɗaya.

Silinda ɗaya, wahala ɗaya

Silinda ita ce tukunyar da esansi yake ƙonewa a ciki. A cikinta akwai fistan da ke hawa da sauka kamar taɓarya a turmi. Wannan hawa da sauka shi ke juya sarƙa, sarƙa ta juya taya.

Babur mai silinda biyu, komai nasa biyu ne: buji biyu, fistan biyu. Mai silinda ɗaya kuwa buji ɗaya gare shi. In ya ƙi tashi a daji, wuraren da za ka duba kaɗan ne. Ka duba ko akwai esansi. Ka kwance buji ka goge shi. Ka duba ko matatar iska ta toshe da ƙura. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Kuma iska ce take sanyaya injinsa, ba ruwa ba. Babu tankin ruwan da zai fashe ko ya ƙafe a zafin watan Afrilu.

Akwai wani labari da ya kamata ku ji. A shekarar 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa ƙasashe irin Tailan, da Indonesiya, da Pakistan, don su ga yadda talakawa suke hawan babur. Suka tarar ana ɗora wa babur iyali gaba ɗaya. Suka tarar ba a canza baƙin mai sai inji ya fara kuka. Da suka koma gida, sai suka ƙera inji mai sauƙi, mai jure wahala da sakaci. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Da yawa daga ƙananan baburan Sin da ke yawo a ƙasarmu, injinsu kwaikwayon wannan ne. Wato tun asali don irinmu aka yi shi.

Amfanin wannan a fili yake. Da yake injinan sun yi kama da juna, kayan gyaransu suna ko'ina. Makanike a kasuwar Kornaka ko ta Sabon Mashi ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Wanda ya sayi babban babur baƙo kuwa, in wani ƙarfe ya karye, sai ya jira a aiko masa daga Yamai ko Kano. Babur yana jingine a zaure, kaji suna kwana a kansa.

Nauyi da tsayin sirdi

Irin wannan babur nauyinsa kusan kilo 110 ne. Wato ya ɗan ɗara buhun hatsi. In ya faɗi a rairayi, kuma zai faɗi, mutum ɗaya yana ɗaga shi. In ya nutse a gindin tudu, sai ka sauka ka tura shi. In ya lalace sarai, ana ɗora shi a amalanke a kai shi gari.

Tsayin sirdinsa daga ƙasa wajen santimita 74 ne. Na doguwar DT ya wuce 80. Wani zai ce ai bambancin kaɗan ne. Wanda ya taɓa shiga rairayi mai zurfi da kaya a baya ba zai faɗi haka ba. A rairayi tayar gaba tana wasa, tana neman zamewa. Abin da ke ceton ka shi ne ka kai ƙafafunka biyu ƙasa nan take. Gajeren mutum, da dattijo, da mace, duk ƙafarsu tana kaiwa ƙasa a kan wannan sirdi. Haka kuma mara lafiya ba ya shan wahalar hawa.

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. A tudun rairayi mai laushi, dogon babur ya fi shi. Cikinsa yana nesa da ƙasa, tayoyinsa masu haƙora ne. Wanda aikinsa kullum yana can arewa, wajen Bermo da Gadabeji, kuma yana da hali, dogon ya fi masa. Amma kuɗinsa da kuɗin gyaransa ba na ƙaramin manomi ba ne. Ga mai zirga-zirga tsakanin gida, da gona, da kasuwa, da likita, ƙaramin ya isa. In za ka shiga rairayi, ka ɗan rage iskar taya, ka sa giya ta biyu, kada ka danne birkin gaba. In ka hau kwalta ka mayar da iskar.

Tsakanin gida da likita

A nan ne babban dalilinmu yake. Cututtuka da yawa da ke kashe mutane a karkara suna da magani. Abin da ke kashewa shi ne jinkiri. Jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya.

Mu fara da yara. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro yana yawa. Tun shekarar 2013 aka fara rabon maganin rigakafi na damina a Nijar, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Ya rage ciwon, amma bai kawar da shi ba. In yaro yana zazzaɓi, sannan ya fara sanƙarewa, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to, ba maganar jiran gobe ba ce. Irin wannan zazzaɓi yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma kyauta ba ta zuwa gida ta same ka. Sai ka kai yaron. Uwa ta goya shi da kyau, ta zauna a baya, a tafi a hankali.

Sai cizon maciji. Lokacin noma da lokacin girbi ne kububuwa take sarar mutane a gona. Dafinta yana hana jini tsayawa. Mutum yana iya ganin kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi. Kada a tsaga wurin. Kada a tsotsa. Kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana ƙafar motsi, kuma kada a bar mutumin ya yi tafiyar ƙasa, domin tafiya tana yaɗa dafi. A ɗora shi a babur, mutum ɗaya ya zauna a bayansa ya riƙe shi.

Wannan dabara an gwada ta a wata ƙasa mai nisa, Nepal, kusa da Indiya. A wasu ƙauyukansu masu babura suka yarda su riƙa kai wanda maciji ya sara likita, dare ko rana, mara lafiya a tsakiya, mai riƙe shi a baya. An kuma wayar da kan jama'a. Binciken da aka buga a 2013 ya nuna cewa da, cikin mutum 100 da maciji ya sara, wajen 10 suna mutuwa. Bayan an fara aikin, ba a rasa ko mutum 1 cikakke cikin 100 ba. Ba sabon magani aka kawo musu ba. Lokacin tafiya aka rage.

Maganar mata masu ciki kuwa tana buƙatar natsuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Duk da haka, ba mu ce a ɗora mace mai naƙuda a bayan babur a shiga gargada da ita ba, sai in babu wata hanya. Amfanin babur ga mai ciki yana gaba da wannan rana. Shi ne zai kai ta awon ciki a kan lokaci, a hankali, ba sau ɗaya ba. A wurin awo ne ungozomar likita take ganin alamun hatsari: kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, ƙarancin jini, ɗa da ya kwanta a gicciye. In ta ce wannan haihuwa sai a babbar likita ta Dakoro, to, a kai matar gari tun kafin watanta ya tsaya, ta zauna wurin dangi. In kuma naƙuda ta zo da matsala a ƙauye, babur ne zai ruga ya ɗauko ma'aikacin lafiya, ko ya kai inda waya take kamawa a kira motar ɗaukar marasa lafiya, ko ya tare ta a bakin hanya ya nuna mata gari.

Muna roƙon maigida ya yi wannan shiri tun cikin matarsa yana wata bakwai. Ya san baburin wa zai ɗauka. Ya ajiye kuɗin esansi a gefe. Ya rubuta lambar wayar likita a bango. Kuma ya bar wa iyalinsa izini: in ba ya nan, a tafi da ita, kada a jira dawowarsa.

Gona, garke da kasuwa

Manomi ya sani cewa kuɗin tiyar wake a ƙofar gida daban, a babbar kasuwa daban. Mai saye da ya biyo ka ƙauye ya san ba ka da abin hawa, shi ya sa yake yanka maka kuɗin da ya ga dama. Mai babur yana ɗaukar buhunsa ya kai inda masu saye suke da yawa. In kuɗin bai yi masa ba, ya koma da abinsa.

Haka yake ga mai nono da mai kayan lambu. Nono ba ya jiran amalanke a zafin rana. Haka yake ga wanda gonarsa ta yi nisa, abin da ya yi yawa yanzu da ƙasar kusa da gari ta ƙare. In ruwan shuka ya sauka da dare, wanda ya isa gona da asuba da irinsa ya riga wanda ya iso da hantsi a gajiye. Makiyayi kuma yana iya zuwa ya dubo ciyawa da rijiya kafin ya tayar da garke. In saniya ta kwanta, yana ɗauko likitan dabbobi a ranar.

Sai dai babur ba jaki ba ne, ba kuma amalanke ba. Littafin da ke zuwa da shi yana faɗin iyakar nauyin da zai ɗauka. Ga irin waɗannan ƙanana, wajen kilo 150 ne, har da mahayi. Wato kai da buhu ɗaya kun cika shi, har kun ɗan wuce. Muna ganin masu ɗora buhu biyu da rago a sama. Suna isa, amma ƙarfen baya yana tsagewa, wayoyin taya suna tsinkewa, birki kuma ba ya kamawa. Kada ku sayar da jakinku don kun sayi babur. Taki, da kara, da ruwa, aikinsa ne har gobe.

Ɗauki alƙalami kafin ka ɗauki kuɗi

Irin wannan babur yana shan wajen lita 3 a kilomita 100. A rairayi yana ɗan ƙarawa. Tankinsa yana cin wajen lita 10. Tun 2011 Nijar take tace man kanta a matatar SORAZ ta Damagaram. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi a gidan mai zuwa sefa 499. Man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Nijeriya, wanda da shi muka dogara, ya yi tsada tun da aka cire masa tallafi a can a watan Mayu na 2023. A kwalba, a ƙauye, kullum mai ya fi na gidan mai tsada.

Mu ɗauki sefa 500 don sauƙin lissafi. Ƙauye mai nisan kilomita 20, zuwa da dawowa kilomita 40 ke nan. Lita ɗaya da rabi ta isa. Kuɗinta sefa 750, wato dala 150.

Amma esansi ba shi kaɗai ba ne. Ga misali, kowa ya sa nasa kuɗin a wurin namu. A ce ka sayi babur jika 500, kana fatan ya yi maka shekara 5. Kowace shekara yana cin jika 100 daga kuɗinsa. A wata, jika 8 da ɗoriya ke nan. A ce kana shan lita 15 a wata: jika 7 da rabi. A ce baƙin mai, da faci, da buji, da ajiyar kuɗin taya da sarƙa sun ci jika 5. Ka tara. Za ka samu wajen jika 21 a wata. Yanzu ka tambayi kanka: abin da babur zai kawo mini, da abin da zai hana ni kashewa a kabu-kabu da motar kasuwa, ya kai haka?

In ya kai, bismilla. In bai kai ba, kada ka ji kunya. Ku haɗa kai. Ƴan uwa biyu ko uku suna iya saye tare, ko ƙungiyar manoma ta saya. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991, ya nuna mana cewa kuɗi kaɗan-kaɗan suna zama da yawa in akwai amana da rubutu. A samu littafi ɗaya. A rubuta wanda ya ɗauka, da inda ya je, da man da ya zuba, da abin da ya sa a asusun gyara. A kuma amince tun farko cewa mara lafiya yana gaba da mai zuwa kasuwa.

Abu uku ne ba mu yarda a sayar don babur ba: hatsin da iyali za su ci har sabuwar kaka, da irin shuka, da saniya ko akuya mai haihuwa. Wanda ya yi haka zai sayar da baburin da damina, da rabin kuɗinsa, ya sayi hatsin da ya ninka tsada.

Ranar saye

Ka zaga shago uku kafin ka biya. Ka tafi da makaniken da ka yarda da shi. Ka tambaye shi irin wanda kayan gyaransa suka fi samuwa a kasuwarku, ba wanda ya fi ƙyalli ba.

Akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen babur, kusa da wuyansa, akwai wata a jikin inji. Ka karanta su da kanka, harafi bayan harafi. Ka gwada su da abin da ke cikin takarda. In ba su yi daidai ba, ka bar shi, komai arharsa. Ka karɓi rasit mai sunanka da takardar duwan. Sannan ka nemi kart giriz, da lamba, da lasirans, da farmin tuƙi. In na hannu ne, a yi ciniki gaban shaidu, a rubuta. Zamanin nan babur mara takarda yana jawo wa mai shi zargi. Kun ji yadda aka hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi daga baya, saboda miyagu suna amfani da shi. Takarda ita ce ke raba ka da su a gaban jandarma.

Sabon inji kamar ɗan maraƙin da ake koya wa huɗa ne. Kilomita 1000 na farko kada ka matsa masa, kada ka yi masa lodi. Ka zubar da baƙin man farko tun bai wuce kilomita 500 ba. Bayan haka, a ƙurar ƙasarmu, ka canza shi duk kilomita 1000 zuwa 1500. Wajen lita ɗaya yake ci. Ka rubuta lambar kilomita a littafi duk ranar da ka canza. Matatar iska kuwa ka duba ta kowane mako, musamman da hunturu. Rairayin da ya wuce ta ya shiga silinda, yana cin fistan kamar yadda dutsen niƙa yake cin tsaba. Sarƙa ma ka wanke ta kafin ka sa mata mai, domin mai a kan rairayi wasa ƙarfe yake yi. Kada ka fita daji ba famfo, da kayan faci, da buji na ajiya, da ruwan sha. Ƙayar aduwa ba ta san sabuwar taya ba.

Kada abin ceto ya zama abin kisa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, hatsarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Masu babur suna da yawa a cikinsu. Raunin kai ne ya fi kashe su. Bincike ya nuna hular kwano, wato kaske, tana rage mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da wajen kashi 69. Rawani ba kaske ba ne. Hula ba kaske ba ce. Ka sa kuɗin kaske biyu cikin kuɗin babur tun ranar saye, ɗaya naka, ɗaya na wanda za ka goya. Kuma a ɗaure igiyarsa a haɓa, in ba haka ba shi zai riga ka faɗuwa.

Muna jin samari suna cewa akwai zafi. Akwai. Amma ɗakin masu karaya a babbar likita ta Maradi ya fi zafi.

Yaron da bai kai ba, kada a ba shi makulli, ko da aiken kusa ne. Wanda ya sha tramol don kada ya gaji, kada ku hau bayansa. Da dare a rage gudu, domin amalanke ba shi da fitila, jaki da raƙumi kuma ba sa kaucewa. Mata su tattara zane da hijabi su danne kafin a tashi, maza su naɗe jelar rawani da bakin riga. Tufa in ta shiga sarƙa ko wayoyin taya, tana fizgo mutum ƙasa ta wuya. A kula da ƙafar yara da salansa, ƙunarta tana da zurfi. In ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon lokaci, kada a shafa baƙin mai ko toka, a kai likita.

Esansi kuma wuta ce a kwance. A watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka mutu a daren. A gida, kada a ajiye mai a ɗakin kwana, ko kusa da murhu, ko kusa da rumbu. Kada a zuba shi ana shan taba. Kada a tayar da babur a bar shi yana aiki cikin ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kashewa ba tare da mutum ya ji ba. Kada a zuba mai a kwalbar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko man gyaɗa, domin in ya shiga huhu ya fi ɓarna. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wuce da shi likita nan take.

Saboda irin wannan dare ne muke ba mai babur shawara: kada ya kwana da tanki a bushe. Ko yaushe ya dawo daga tafiya, ya tabbata akwai lita biyu a ciki, tayoyi da iska, fitila tana kamawa, kuma mutanen gida sun san inda makulli yake.